Daga Majigi Zuwa Fiyano: Abin Da Na Tsinta A Makarantar Fim

Ranar da na faɗa wa mahaifina cewa fim zan karanta, sai ya yi shiru, can ya ce, "Yanzu duk karatun duniya ka rasa na yi sai na 'yan silima?" Ban ga laifinsa ba, domin a zamaninsu yaron kirki ba ya yarda a gan shi a ƙofar silima. Abin da ban sani ba shi ne, shi kansa yana da hannu a tarihin da zan je nema.

A makaranta mun sha kallon finafinan Rasha da Faransa da Amurka, muna koyon riƙon kyamara da tace hoto. Amma duk lokacin da aka ambaci fim ɗin Hausa sai wani malaminmu ya yamutsa fuska, wai rawa da waƙa sun kashe shi. Ni kuwa waƙar ce ta ja ni zuwa harkar. Don haka da lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, sai na ɗaura niyyar bin sawun waƙar nan, in ga ta ina ta shigo.

Bahaushe dai ya fara sanin fim ne ta hanyar majigi, wato motar da Turawan mulkin mallaka ke yawo da ita gari-gari suna nuna tsafta da noma. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, sannan Palace ta biyo baya a farkon shekarun 1950 a cikin birni, abin da ya tayar da ƙura sosai tsakanin malamai. A wannan tsakanin ne Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya. Mutane ba sa jin yaren, amma sun ga kunya, sun ga auren dole, sun ga mata da lulluɓi, sai suka ga kamar gida. "Mother India" na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi. Kafin ka ce kwabo, mawaƙa irin su Abdu Yaron Goge sun ɗauki karin Indiya sun ɗora masa Hausa, daga baya masu bege ma suka bi sahu.

Finafinanmu na farko ba su bi wannan hanya ba. "Shaihu Umar" da Adamu Halilu ya shirya a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, fim ne na tarihi mai nauyi. Da bidiyo ta zo, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a 1990. Sauyin gaske ya zo ne da fiyanon Yamaha ya shiga sutudiyo irin na Iyan-Tama. Mutum ɗaya da yatsu goma sai ya fitar da sautin ganga da na sarewa, babu ɗawainiyar tara makaɗa. Da "Sangaya" ya fito a 1999 waƙarsa ta game gari, furodusoshi suka gane cewa waƙa ke sayar da kaset. A shekarar ce kuma mujallar Fim ta fara fitowa, sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai ta Kano, kuma batun rawa da waƙa na cikin abin da aka fi ja-in-ja a kai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da na tashi neman finafinan nan don in gani da idona, na sha wuya. Na zaga Ƙofar Wambai, inda a da nan ce cibiyar cinikin kaset, na samu kaɗan. Wani kaset ɗin ya yi funfuna, wani zaren ya manne, wani kuma an ɗora bikin aure a kai. Tarihin da bai kai shekara 40 ba, ga shi yana ruɓewa a kwali.

Wata rana da dare ina kunna wata tsohuwar waƙar Indiya a ɗaki don aikina, sai na ji ana bin ta a tsakar gida, baiti bayan baiti. Na leƙa, ashe Baba ne a kan tabarma. Da muka haɗa ido ya yi dariya, ya ce, "Kai, kar ka faɗa wa uwarka. Sau bakwai na kalle shi, ta katanga nake fita." A daren nan ya ba ni labarin da babu shi a kowane littafi: kuɗin tikiti, kujerun gaba na talakawa, da ihun da ake yi idan fim ya tsinke.

Shi ya sa nake roƙo, duk mai tsohon kaset a gida kada ya zubar. Mai dattijo kuma ya zauna ya tambaye shi tun yana da rai. Allah ya sa mu dace, amin.