Bayani kan Zamanin Wayewar Kai a Turai

Zamanin Wayewar Kai suna ne da masana tarihi suka laƙaba wa lokacin da ya kama daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa ƙarshen ƙarni na 18, yayin da wasu marubutan Turai suka dage cewa dole a auna kowace al'ada da doka da mizanin hankali.

Babbar tambayar da suka yi ita ce: wa ya ba mai mulki ikon da yake da shi, kuma yaushe ne ya halatta jama'a su karɓe shi?

Mafari

Shi dai wannan tunani ya tsiro ne bayan Turai ta sha fama da zubar da jini. Yaƙin Shekaru Talatin, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya faro daga rikicin 'yan Katolika da Furotesta, ya hallaka miliyoyin mutane, akasari a yankunan Jamus.

A Ingila kuma, yaƙin basasa ya kai ga fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649.

A daidai wannan lokaci, kimiyya na ta sauya yadda ake kallon duniya. A 1633 kotun cocin Katolika ta hukunta Galileo saboda ya goyi bayan cewa duniya ce ke kewaya rana.

To amma a 1687 Isaac Newton ya nuna, ta hanyar lissafi, cewa ƙa'idar da ke sa dutse ya faɗo ƙasa ita ce ke riƙe da wata a kan hanyarsa.

Wannan ya sa masu tunani suka ce, idan har hankali zai iya gano ƙa'idojin sararin samaniya, to zai iya gyara sha'anin shari'a da mulki.

Mulki amana ne

Sarakunan Turai da dama na da'awar cewa daga Allah kai tsaye suka samu mulki, don haka babu talakan da zai tuhume su.

A 1651 Thomas Hobbes ya ce tushen mulki yarjejeniya ce: mutane sun miƙa wuya ga shugaba ɗaya domin ya kare su daga junansu. Sai dai ya bar wa shugaban iko kusan mara iyaka.

John Locke ya bi wata hanyar dabam. A littafinsa kan gwamnati da ya fito a 1689, bayan hamɓarar da Sarki James na Biyu, ya ce kowane mutum na da haƙƙin rai da 'yanci da dukiya tun kafin a kafa gwamnati.

A ganinsa mulki amana ce, kuma idan shugaba ya ci amanar, jama'a na da ikon tuɓe shi.

A nasa ɓangaren, Montesquieu, wani tsohon alƙali daga Bordeaux ta Faransa, ya yi bayani a 1748 cewa 'yanci na salwanta idan masu yin doka da masu zartar da ita da masu yanke hukunci suka zama hannu ɗaya.

Shi kuwa Jean-Jacques Rousseau cewa ya yi a 1762 ikon ƙoli na jama'a ne baki ɗaya, ba na wani mutum guda ba. Hukumomin Geneva, garin haihuwarsa, sun ƙona littafin.

Addini da shari'a

Ba dukkansu ne suka juya wa addini baya ba. Newton da Locke Kiristoci ne, Voltaire ya yi imani da Mahalicci amma ya caccaki coci, yayin da Denis Diderot ya musanta samuwar Allah.

Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne ƙin amincewa hukuma ta tilasta wa mutum aƙida.

A 1762 an kashe Jean Calas, wani ɗan kasuwa mabiyin Furotesta a birnin Toulouse, bisa zargin ya kashe ɗansa don hana shi komawa Katolika. Voltaire ya yi ta rubuce-rubuce har aka wanke mamacin a 1765.

Haka kuma a 1764 Cesare Beccaria na Italiya ya soki azabtar da waɗanda ake tuhuma da kuma hukuncin kisa. Yankin Tuscany ya soke hukuncin kisa a 1786.

Ra'ayoyin sun yaɗu ta jaridu da gidajen shan gahawa, da kuma babban kundin ilimi mai juzu'i 28 da Diderot ya jagoranci fitarwa tsakanin 1751 da 1772, duk da haramcin da hukumomin Faransa suka sanya masa a 1759.

Juyin juya hali

Sanarwar 'yancin kan Amurka ta 1776 ta ɗauki ra'ayin cewa gwamnati na samun halacci ne daga yardar waɗanda take mulka, sannan tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 ya raba iko gida uku.

A Faransa, majalisar da ta jagoranci juyin juya halin 1789 ta ayyana cewa dukkan 'yan ƙasa daidai suke a gaban doka.

Sai dai ba a daɗe ba al'amura suka rincaɓe. An kashe Sarki Louis na 16 a watan Janairun 1793, kuma kimanin mutane 17,000 aka yanke wa hukuncin kisa a mulkin firgitarwa na 1793 zuwa 1794.

Waɗanda aka bari a baya

Masu suka na nuni da cewa a wannan ƙarnin ne cinikin bayi ta tekun Atlantika ya kai ƙololuwarsa.

Locke ya zuba jari a kamfanin Ingila mai fataucin bayi daga Afirka, Thomas Jefferson, wanda ya tsara sanarwar 1776, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa, sannan David Hume da Immanuel Kant sun yi rubuce-rubucen ƙasƙanta baƙar fata.

Hakan kuwa ya faru ne duk da misalin Anton Wilhelm Amo, haifaffen yankin Axim da ke Ghana ta yau, wanda ya samu digirin digirgir a Jami'ar Wittenberg a 1734, ya kuma koyar da falsafa a Halle da Jena.

Su ma mata an mayar da su saniyar ware. Olympe de Gouges ta fitar da sanarwar haƙƙoƙin mata a 1791, aka kuma kashe ta a 1793. Sai a 1944 matan Faransa suka samu damar kaɗa ƙuri'a.

Bayin da ke Haiti kuwa ba su jira an ba su 'yanci ba. Sun yi tawaye a 1791, suka kafa ƙasarsu a 1804.

Tasiri

Ana ganin sawun wannan zamani a sanarwar haƙƙin bil'adama ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, da kuma tsarin mulkin ƙasashe masu yawa.

Alal misali, a 1979 Najeriya ta rungumi tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, inda aka raba iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotuna, kuma a kansa aka gina tsarin mulkin 1999.

Har yanzu masana na muhawara kan gadon da zamanin ya bari. Wasu na ganin ya ba Turawan mulkin mallaka hujjar cewa sun zo wayar da kan sauran al'ummu ne, wasu kuma na tunatar da cewa masu fafutikar neman 'yancin kai sun yi amfani da waɗannan hujjoji na daidaito wajen ƙalubalantar mulkin mallakar.