Bututun iskar gas na Sahara da haƙƙin burtali

A ranar 14 ga watan Janairu na shekarar 2002, kamfanin man Najeriya NNPC da takwaransa na Aljeriya, Sonatrach, suka sa hannu kan takardar fahimtar juna domin shimfiɗa bututun iskar gas da zai ratsa Sahara. Tunanin ya girme wannan rana, domin tun shekarun 1970 ake zancensa. Za a ɗauko iskar daga Warri a kudancin Najeriya, a bi da ita ta Kano, a keta Nijar daga kudu zuwa arewa, a kai ta Hassi R'Mel, inda bututan Aljeriya ke tashi zuwa Turai. Tsawon ya haura kilomita 4,000, kusan 840 daga ciki a ƙasar Nijar, kuma an ƙiyasta zai riƙa ɗaukar mita-kubik miliyar 30 a shekara.

Wani kamfanin Ingila mai suna Penspen ne aka ba nazarin yiwuwar aikin a 2005, ya miƙa sakamakonsa a 2006. Nijar ba ta shiga shirin ba sai a 2008. Watau an riga an auna hanya, an lissafa riba, kafin a kira mai ƙasar da za a tona. A ranar 3 ga Yuli 2009 ministocin ƙasashen uku suka rattaba hannu a Abuja, daga nan magana ta kwanta fiye da shekaru goma. Ta sake tashi a 2022, lokacin da yaƙin Yukiren ya sa Turai neman iskar da ba ta Rasha ba, sannan a Fabrairun 2025 aka amince a babban birnin Aljeriya cewa Penspen ɗin zai sabunta nazarinsa. A ɓangaren Najeriya kuwa, an ƙaddamar da shimfiɗa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai kilomita 614, tun 2020.

Nazarin yiwuwar aiki tambayarsa ɗaya ce: ko kuɗi za su dawo? Akwai wani bincike na dabam da dokar Nijar ta wajabta, shi ne binciken illar aiki ga muhalli da jama'a. Dokar 10 ga Janairu 1997 ce ta fara kafa shi, babbar dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta ƙarfafa shi, sannan dokar 14 ga Mayu 2018 ta ɗora alhakin dubawa a kan ofishin da ake kira BNEE. Mai aikin ne ke biyan masu binciken, gwamnati ta duba rahoton, a saurari mutanen da abin ya shafa, kafin a ba da takardar izini. A rubuce tsari ne mai kyau. Ingancinsa yana rataye ne a kan abin da mai binciken ya ɗauka a matsayin hasara, kuma a nan tarihin ƙasar Dakwaro yake da abin faɗa.

Duk layin da ya taso daga Kano ya nufi Aljeriya sai ya tsallake wata iyaka da ba ta da shinge. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa: kudu da ita gonaki, arewa da ita kiwo. A Dakwaro wannan iyaka tana bin kwarin Tarka. Mutanen yankin sun san yadda ta kasance. Bayan farin 1973 da na 1984, da kuma ƙaruwar jama'a a kudu, manoma sun yi ta turawa arewa suna sheme daji, burtali ya yi ta ƙuncewa, mashaya ta koma tsakiyar gonaki. A watan Oktoban 1991, a Toda cikin jahar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci ran fiye da mutum ɗari, akasari mata da yara na Fulani. Bayan haka ne aka samu kundin dokokin karkara na 1993 da kwamitocin ƙasa na COFO, aka shiga kakkafa turakun siminti a gefen burtali, aikin da ya ci shekaru ana zama da sarakuna da arɗaɗai da tambarorin Buzaye. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta bayyana cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, kuma ƙasar kiwo ba ta zama mallakar mutum ɗaya.

Wannan magana ta ƙarshe kariya ce, amma a gaban mai lissafin diyya tana iya zama rauni. Gona tana da mai ita, tana da iyaka, ana iya ƙirga gawo da aduwar da ke cikinta a biya. Makiyaya tasu ta kowa ce, saboda haka a kan takarda kamar ba ta kowa ba. Mai binciken da ya zo arewacin Tarka a watan Afrilu zai tarar da fili fetal, ya rubuta cewa babu mazauna. Da ya dawo a watan Agusta, da ya ga garke bisa garke na shanu da raƙuma da tumaki da suka hauro daga kudu, wasu ma daga Katsina da Zamfara. Filin da ya kira fanko shi ke riƙe da dabbobin nan har a gama girbi a buɗe gonaki.

Bututun gas a ƙarƙashin ƙasa ake binne shi, shi ya sa wasu ke cewa da an rufe rami an gama. Ba haka abin yake ba. Ana share faɗin hanya a tumɓuke itatuwa, kuma ba a barin su sake tsirowa a kan layin. Ramin kansa yakan zauna a buɗe na wani lokaci. Idan ya gitta burtali a watan Yuni, lokacin hawan dabbobi, makiyayi ba shi da zaɓi sai ya ratse, kuma ratsewar tana nufin shiga shukar wani. Ga tashoshin matsa iska, ga sansanonin ma'aikata masu buƙatar ruwa a inda rijiya ke da zurfin gaba da yawa. Ga kuma tsaro. Bututun mai na Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya ratsa jahar Maraɗi, an fara lodin mansa a Mayun 2024, a Yunin wannan shekarar ƴan tawaye suka fasa shi. Inda aka girke soja don gadin bututu, mai sanda da garke shi ake fara tambaya me ya kawo shi.

Ba dabbobin gida kaɗai ke cikin lissafin ba. Gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe a 1955, UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 2017, kuma a 2018 aka maido masa raƙuman dawa takwas daga yankin Kure. Daji irin wannan yana da suna a taswira, yana da masu magana da yawunsa a ƙasashen waje. Rijiyar da wani dangin Fulani ya gada daga kakanni ba ta da ko ɗaya.

Afirka ta Yamma ta taɓa ganin irin wannan. Bututun gas da ya tashi daga Najeriya zuwa Benin da Togo da Gana ya samu goyon bayan Bankin Duniya a 2004, bayan an rubuta rahoton muhalli mai kauri. A 2006 al'ummomin yankin Badagry suka kai ƙara gaban kwamitin binciken Bankin, kuma a 2008 kwamitin ya tabbatar cewa diyyar filayen da aka biya ta gaza ƙwarai, an kuma gaza wajen sanar da mutane abin da ya shafe su. Waɗannan manoma ne masu gonaki da ake gani da ido. Ina ga wanda haƙƙinsa wucewa ce sau biyu a shekara?

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu kai tsaye. Rahoton ana rubuta shi da Faransanci, ɗaruruwan shafuka, a tattauna shi a Yamai. Zaman sauraron jama'a yakan zama taron yini ɗaya a hedikwatar gunduma, tafinta ya taƙaita a cikin ƴan mintoci. Doka ta ba jama'a damar jin abin da ke ciki da faɗin ra'ayinsu, amma damar ba ta aiki sai an samu wanda zai juya taƙaitaccen rahoton zuwa Hausa da Fulatanci da Tamajak, a karanta shi a rediyon karkara da ranar kasuwa. COFO tana riƙe da taswirar burtalin da aka kafa wa turaku. Ƙungiyoyin makiyaya sun san kwanakin hawa da sauka da sunan kowace mashaya. Waɗannan bayanai suna nan tun kafin a zana layin ƙarshe, kuma doka ba ta hana a ajiye su a teburin BNEE ba.