Daga Ɗakin Kaka Zuwa Ofishin Hisba: Sulhun Iyaye da 'Ya'ya a Gwarzo da Kabo

A ƙasar Gwarzo da Kabo, kamar sauran karkarar Kano, al'ada ba ta barin uba da ɗa su kashe rigimarsu su kaɗai. Dalili kuwa kunya ce. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya zaunar da shi su yi musu, yaro kuma ba ya ɗaga ido ya mayar wa mahaifi magana. Dole sai an sami na uku. Ta farko ita ce kaka, wadda wasan jika ya ba ta damar jin abin da yaro ke ɓoye wa kowa. Bayanta sai kawu da gwaggo. In abu ya gagara, a kai wa liman ko mai unguwa, daga nan dagaci, har gaban hakimi.

Gandu ne ya riƙe wannan tsari. Saurayi yana noma gonar gida, uba kuma ya ba shi gayauna, ya biya masa haraji, ya yi masa aure. Kowanensu yana da abin da zai rasa in aka ɓata, saboda haka maganar mai sulhu take da nauyi.

Shekarar 1976 ta zo da sauyi biyu. Gyaran ƙananan hukumomi ya rage ikon hakimai da dagatai, shirin ilimin firamare kyauta kuma ya sa yara da yawa suna wuni a makaranta, nesa da gona. Gandu ya ci gaba da watsewa, samari suka riƙa tafiya ci-rani Kano da Legas, suna dawowa da kuɗin kansu. Wanda ba ya jiran uba ya yi masa aure, da wuya barazanar kawu ta tanƙwara shi.

Gwamnati ta shigo don cike gurbin. A 2003 Jihar Kano ta kafa Hukumar Hisba da doka, sulhun iyali ya zama cikin manyan ayyukan ofisoshinta na ƙananan hukumomi. Da shaye-shaye ya yawaita, aka buɗe cibiyar gyaran hali a Ƙiru, maƙwabciyar Kabo, sannan a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Sai dai ofis yakan fara sauraron wanda ya kawo ƙara, wanda galibi uba ne, bayan abu ya riga ya lalace. Kaka kuwa tun kafin a kai ga ƙara take jin yaron. Mai sulhun yau, malami ne ko ɗan Hisba, zai fi cin nasara in ya gaji wannan hali nata, ya keɓe da yaro ya ji ta bakinsa kafin ya haɗa shi da mahaifinsa.