Cutar Ƙanjamau: Inda Za Ku Samu Sahihin Bayani Daga Hukumomin Gwamnati

Idan gwaji ya nuna ku ko wani naku na ɗauke da ƙwayar cutar HIV, kada ku dogara da saƙonnin WhatsApp ko tallar masu cewa suna warkar da ita. Har yau babu maganin gargajiya ko na asibiti da ke kawar da ƙwayar daga jiki. Akwai dai magungunan da ke danne ta, mutum ya rayu da lafiyarsa.

Ina za ku duba?

A Najeriya, hukumar NACA ce ke jagorantar yaƙi da cutar, kuma tana wallafa bayananta a naca.gov.ng. Sashen NASCP na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya shi ke fitar da ƙa'idojin gwaji da magani da likitoci ke bi. Jihohi ma suna da nasu hukumomin. Adireshin hukumomin gwamnatin Najeriya yakan ƙare da gov.ng, don haka ku duba wannan kafin ku yarda da abin da kuka karanta. Ku duba shekarar da aka rubuta bayanin kuma, domin ƙa'idojin magani suna canzawa.

Me ya kamata ku sani?

Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar a Najeriya.

Ana fara magani da zarar an tabbatar da cutar, ba a jira sai jiki ya yi rauni. Ana ba da maganin kyauta a asibitocin gwamnati da aka ware.

Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin kwanciyarsa.

Mai juna biyu da ta fara magani da wuri tana kare jaririnta sosai.

Bayan fyaɗe ko sukar allurar da wani ya yi amfani da ita, ku je asibiti cikin awa 72 domin karɓar maganin kariya na kwana 28.

Dokar shekarar 2014 ta hana korar mutum daga aiki ko makaranta saboda yana da HIV.

Yawancin waɗannan bayanai da Turanci suke. Ku nemi ma'aikacin lafiya ya yi muku bayani da Hausa, kuma kada ku daina magani ko ku canza shi sai da shawarar likitanku.