Gasar Firimiya ta Najeriya: Tarihinta da Tsarinta

Gasar Firimiya ta Najeriya ita ce matakin ƙoli na ƙwallon ƙafa tsakanin ƙungiyoyin ƙasar. An fara ta a 1972, shekara biyu bayan yaƙin basasa, da ƙungiyoyi shida kacal. Kafin nan, abin da ke haɗa 'yan ƙwallon ƙasar shi ne gasar sili-ɗaya-ƙwale da aka soma a Legas a 1945 da sunan Kofin Gwamna, wanda daga baya ya koma Kofin Ƙalubale. Ƙungiyoyin Legas ne suka yi kane-kane a kansa har 1953, lokacin da tawagar Kano ta ɗauke shi. Amma gasar kofi ba ta auna ƙarfin ƙungiya yadda ya kamata, domin wanda aka doke sau ɗaya ya koma gida ke nan sai baɗi. Wannan giɓin ne gasar maki ta zo cikewa: kowa ya kara da kowa, gida da waje, a ƙarshen kaka a ƙirga.

Mighty Jets ta Jos ce ta lashe kakar farko. Alhaji Isyaku Ibrahim ne ya kafa ta, kuma a cikinta aka san 'yan wasa irin su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo. Sai dai shekarun 1970 da farkon 1980 na Enugu Rangers ne. An kafa ta a 1970, daidai lokacin da Gabas ke farfaɗowa daga yaƙi, shi ya sa mutanen yankin suka ɗauke ta tamkar tutarsu. Ta ci gasar sau shida tsakanin 1974 da 1984. Babbar abokiyar hamayyarta ita ce IICC Shooting Stars ta Ibadan, wadda a 1976 ta zama ƙungiyar Najeriya ta farko da ta ɗauko wani kofi na nahiyar Afirka, Rangers kuma ta karɓe shi a shekarar da ta biyo. Cikin wannan zamani ne Raccah Rovers ta kawo wa Kano kambinta na farko a gasar maki, a 1978.

A wancan lokaci, a takarda dai, 'yan wasan ba ƙwararru ba ne. Yawancinsu ma'aikata ne na kamfani ko ma'aikatar da ke riƙe da ƙungiyar: sunan mutum na cikin jerin masu karɓar albashi a banki ko a masana'anta, aikinsa na gaskiya kuwa a fili yake. Sunayen ƙungiyoyin kansu sun nuna haka, irin su Bendel Insurance da New Nigeria Bank da Leventis United da Julius Berger da BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko. A gefe guda ga attajirai masu ƙungiyoyin kansu, kamar MKO Abiola mai Abiola Babes, da Emmanuel Iwuanyanwu mai Iwuanyanwu Nationale ta Owerri. Da tattalin arziki ya tsuke bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta faɗi, sai wasu daga cikin masu ɗaukar nauyin suka janye hannu. Leventis United da Abiola Babes, duk da ƙarfinsu, an rushe su kafin shekarun 1980 su ƙare, fitattun 'yan wasa kuma suka fara kwarara zuwa Beljiyam da Kwaddibuwa da sauran ƙasashe.

A 1990 aka ayyana gasar a matsayin ta ƙwararru, Iwuanyanwu Nationale ta ɗauki kambin farko na sabon tsarin. Manufar ita ce kowace ƙungiya ta zama kamfani mai rajista, mai filin wasanta da hanyar samun kuɗinta. Abin da ya faru ya sha bamban: gwamnatocin jihohi ne suka gaji kujerun da kamfanoni suka bari. A wannan shekarar aka kafa Kano Pillars ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na birnin, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Daga nan kusan kowace jiha ta ga ya dace ta mallaki tata, kamar yadda take da gidan rediyo da jarida.

Babu inda amfanin kuɗin gwamnati ya fito fili kamar a Enyimba ta Aba. A zamanin Gwamna Orji Uzor Kalu ta lashe gasar sau uku a jere, daga 2001 zuwa 2003, sannan ta yi abin da ya gagari Rangers da Shooting Stars: ta ci Kofin Zakarun Afirka a 2003 bayan ta doke Ismaily ta Masar, ta kuma riƙe shi a 2004 a kan Etoile du Sahel ta Tunisiya. Zuwa 2023 ta tara kambin gida tara, fiye da kowace ƙungiya. Rangers ta kai takwas a 2024, kuma ba ta taɓa faɗuwa daga gasar ba.

Labarin Kano Pillars ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake ganin abin da gasar take nufi ga talaka. Ranar wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, tun da hantsi jama'a ke tururuwa, masu ganga da masu tuta mai ruwan ɗorawa da kore, kirarin kuwa ɗaya ne: Sai Masu Gida. Ƙungiyar ta ci gasar a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, kocin da ya kai Enyimba ga kofin Afirka na farko. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Kofin Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda takwararta ta Najeriya, Heartland, ta taka mata birki. A kakar 2009/2010 wani matashi daga Jos, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18 kafin ya wuce Holan. Sai kuma kambi uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, zamanin Rabi'u Ali da Gambo Muhammad. Kimanin shekara 12 babu baƙon da ya doke ta a gida a wasan gasa, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan lago. A 2022 ta faɗi daga gasar, a kakar da aka zaftare mata maki saboda hargitsi a filin wasa, ta dawo bayan shekara ɗaya.

Tsarin gasar a yau mai sauƙin fahimta ne. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana buga wasa 38. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya. Huɗun ƙarshe a tebur suna sauka zuwa gasar ƙasa ta rukuni na biyu, NNL, huɗu kuma su hau daga can. Ƙarƙashin NNL akwai gasar 'yan dagaji da ake bugawa shiyya-shiyya. Ta ɗaya da ta biyu a teburin Firimiya suna wakiltar Najeriya a Kofin Zakarun Afirka, ta uku da wadda ta ci kofin ƙasa su tafi ƙaramar gasar hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF. Ba kullum aka bi wannan tsari ba. An sha raba ƙungiyoyin gida biyu, a kammala da gasar zakaru huɗu ko shida a gari ɗaya, kamar yadda aka yi a 2019 da 2023. A 2018 rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, tsakanin Amaju Pinnick da Chris Giwa ya tsayar da wasanni bayan mako na 24, aka ba Lobi Stars da ke saman tebur tikitin Afirka. A 2020 annobar korona ta katse kakar. Hukumar gudanarwa ma ta sha sauyi: kamfanin LMC, wanda Shehu Dikko ya daɗe yana jagoranta, ya riƙe gasar kusan shekara goma, kafin a maye gurbinsa da kwamitin riƙo ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye a 2022.

Matsalolin gasar kusan duk suna komawa ga batun mallaka. Ƙungiyar da ke jiran kasafin gwamnati, gwamna ne ke naɗa shugabanninta, kuma idan mulki ya sauya, su ma su sauya. Idan jiha ta shiga matsi, 'yan wasa su yi watanni suna bin bashin albashi da kuɗin sa hannu. Tun da ba kuɗin ƙofa ko cinikin riga ke ciyar da ita ba, babu abin da ke tilasta mata kyautata wa ɗan kallo. Ga kuma tsohuwar cutar nan ta cewa mai gida ba ya faɗuwa, wadda ta sa alƙalan wasa aiki cikin fargaba, ta kuma sa nasara a waje ta zama abin mamaki. Tafiye-tafiyen ma ba ƙaramin nauyi ba ne: daga Maiduguri zuwa Fatakwal a mota, sannan a shiga fili. A Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. El-Kanemi Warriors kuwa rikicin Boko Haram ya sa ta yi shekaru tana buga wasanninta na gida a wajen Borno. A halin da ake ciki, gidajen kallon ƙwallo sun cika unguwanni, matashin da ya haddace 'yan wasan Arsenal da Madrid sau da yawa bai san mai tsaron ragar jiharsa ba. Wannan asara ce ta gaske, kuma ba laifin matashin ba ne.

Akwai alamun sauyi. Tun 2023 an daidaita kaka da kalandar Afirka, zakara kuma yana karɓar ladan kuɗi, wanda ya kai naira miliyan 100 a hannun Enyimba a 2023. A 2025 Remo Stars ta Ikenne, mallakin ɗan kasuwa Kunle Soname, wadda ke da filinta da makarantar horar da yara, ta lashe gasar karo na farko. A shekarar ce kuma Barau FC ta samu hawa, Kano ta zama tana da ƙungiyoyi biyu a gasar. A fagen nahiya dai har yanzu da sauran aiki: tun da Heartland ta sha kashi a hannun TP Mazembe a 2009, babu ƙungiyar Najeriya da ta sake kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka.