Hujjar Fyaɗe a Inda Babu Ɗakin Gwaji: Duba Daga Awe

A ƙaramar hukuma irin Awe, da ke kudancin Jihar Nasarawa, shari'ar fyaɗe takan mutu tun kafin ta isa gaban alƙali. Yarinyar da aka ci wa zarafi a Tunga ko Azara, abin da uwa za ta fara yi mata shi ne wanka da ruwan zafi, a wanke tufafin ko a ƙona su, sannan manya su zauna su tattauna ko za a fitar da maganar ko za a rufa asiri. Kafin a yanke shawarar zuwa babban asibitin Awe, ko a nemi kuɗin mota zuwa asibiti a Lafiya, kwanaki sun shuɗe. Da yawa suna ganin maganin wannan shi ne gwajin DNA. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, a irin wannan wuri, abin da ya fi cancantar kuɗi da horo shi ne rubutaccen bayanin ma'aikacin lafiya na farko da ya ga yarinyar, da kuma yadda aka adana abin da ya karɓa daga hannunta.

Dalili na farko yana cikin dokar kanta. Sashe na 282 na Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewa, ya rataya laifin a kan saduwa ba da yardar mace ba, ya kuma ce yardar wadda ba ta kai shekara 14 ba ba yarda ba ce. Gwajin DNA yana nuna wane ne ya kusanci wa, amma ba ya cewa komai game da yarda ko shekaru. A ƙauye kuwa, wanda ake zargi galibi sananne ne: maƙwabci, ɗan'uwa, mai shago. Abin da kotu za ta nema shi ne ƙujewa da kumburi da aka bayyana wurinsu da girmansu, rigar da ta yage, lokacin da aka kawo ta, kalmomin da ta faɗa da bakinta, da takardar haihuwa. Sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya ƙara wa wannan nauyi, domin ya hana a hukunta mutum da shaidar yaron da bai kai shekara 14 ba, wanda ba a rantsar ba, sai an sami wata hujja da ta goya mata baya. Rahoton asibiti yana cikin hujjojin da kan zama wannan goyon bayan.

Na biyu, aikin ba shi da tsada. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 ta ginu ne a kan abubuwan da ƙaramin asibiti zai iya: a nemi izinin wadda aka cutar kafin a duba ta, a rubuta bayaninta yadda ta faɗa, a zana raunuka a kan hoton jiki, a busar da audugar da aka ɗauki samfuri da ita a iska kafin a rufe ta, a sa tufafi cikin ambulan na takarda domin leda tana riƙe danshi ta ruɓar da hujja. Kowane hannu da kayan suka bi, daga nas zuwa ɗan sanda zuwa kotu, a sa hannu da kwanan wata. Zuwa da wuri kuma yana da ribar da iyaye za su fahimta ko da ba sa son kotu: maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120.

Za a ce wannan miƙa wuya ne, me zai sa talakan Awe ya gamsu da takarda alhali kimiyya ta ci gaba? Ƙorafin yana da tushe, musamman idan maharin baƙo ne ko an yi taron dangi. Sai dai cibiyar gwajin DNA ta Jihar Legas, wadda aka buɗe a 2017, an lalata ta a tarzomar Oktoban 2020, kuma ko tana aiki, samfurin da aka naɗe a leda ya kwana uku a teburin caji ofis ba zai amfani kowa ba. Ɗakin gwaji yana dogara ne a kan wanda ya ɗauki samfurin, saboda haka horar da wannan mutumin shi ne matakin farko ko ga mai son DNA.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: cewa nas ko ungozoma ba likita ba ce, lauyan wanda ake tuhuma zai yi kaca-kaca da rahotonta. Kenya ta fuskanci wannan, a 2012 ta ba ma'aikatan jinya da mataimakan likita damar cika fom ɗin fyaɗe da bayar da shaida a kansa. Abin da ke kare irin wannan rahoto shi ne ya tsaya ga abin da ido ya gani. Ma'aikaci ba alƙali ba ne, bai kamata ya rubuta “an yi fyaɗe” ko “ba a yi ba”. Akwai kuskuren da har likitoci kan yi: a rubuta cewa babu rauni, ko budurci ya daɗe da gushewa, sai kotu ta ɗauka babu laifi. Rashin rauni ba ya kore fyaɗe, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa gwajin budurci ba shi da tushe a kimiyya. Wannan tsantsenin yana kare wanda aka yi wa ƙazafi kamar yadda yake kare wadda aka cutar.

Cibiyoyi irin Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013, da Waraka a asibitin Murtala na Kano, da Nana Khadija a Sakkwato, sun nuna amfanin haɗa magani da rubuta hujja a ɗaki ɗaya, kyauta. Amma duk a manyan birane suke. Jihar Nasarawa ba za ta gina irinsu a kowace gunduma ba, abin da za ta iya shi ne fom guda ɗaya ga dukkan asibitocinta, da akwati mai makulli, da umarnin cewa a duba wadda aka cutar ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko biyan kuɗin rahoto ba, da kuɗin motar ma'aikacin da kotu ta kira shaida a Lafiya.