Yadda Ake Gano Lokacin Shiga Gona Bayan Feshin Maganin Ƙwari

Manoma kan tambaye mu dalilin da ya sa ake rubuta wa'adin jira a jikin kwalbar maganin ƙwari. Wannan wa'adi shi ne tsawon lokacin da ya wajaba a ƙaurace wa gona bayan feshi, kuma tushensa gwajin da ake yi a kan dabbobi ne.

Yadda ake gwajin

Kafin a ba magani izini, masana kan ciyar da ɓeraye da shi, su shafa shi a fatar zomaye ko ɓeraye, domin ganin adadin da ke kisa da wanda ke ƙona fata ko ido. Magungunan rukunin oganofosfet, irin su dichlorvos, ana auna yadda suke raunana wani sinadari na jini da jijiyoyi mai suna kolinestares. Idan aka gano mafi girman adadin da bai cutar da dabba ba, akan raba shi gida 100: goma saboda bambancin mutum da dabba, goma saboda bambancin ƙarfin jikin mutane. Daga nan sai a auna ragowar maganin da ke kan ganye kowace rana, har ya sauka ƙasa da wannan mizani.

Misalin wa'adi

A ƙa'idar da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar a 1992, an tanadi awa 48 ga magani mafi guba, awa 24 ga mai bi masa, da awa 12 ga masu sauƙi. Ga oganofosfet mai tsananin guba, wa'adin kan kai awa 72 a wuraren da ruwan sama bai kai inci 25 a shekara ba, domin maganin ya fi daɗewa a busasshen wuri. Wannan abin lura ne ga masu noman rani.

Kira ga jama'a

Muna jan hankalin manoma da kada su tura akuya ko kaza gona da sunan gwaji. Dabba na iya fitowa lafiya alhali gubar na nan, kuma gushewar wari ba shaida ba ce. A sayi maganin da ke da lambar rajistar NAFDAC, a kafa alama a bakin gona, a hana yara da mata masu juna biyu shiga. Muna roƙon dagatai, masu unguwanni da malaman gona su isar da wannan saƙo. Wanda ya ji jiri, amai, yawan gumi ko dalalar miyau bayan shiga gona, a gaggauta kai shi asibiti tare da kwalbar maganin.